Bayan an sa wa filinmu kwaɗo a Garwa

Sai da aka sayar da filin sannan da yawa a cikinmu suka gane cewa aro muke ci. Mun ga ana shiga, muka bi sahu, babu wanda ya taɓa tambayar na wa ne. Harabar wani tsohon sito ce a bayan wani babban gida a nan Garwa, arewacin Kamaru, mai faffaɗan daɓen siminti inda a da ake jibge buhunan gyaɗa da masara kafin a loda su a mota. Ɗan mai gidan ne, da ya dawo daga karatu a Faransa, ya zo da allunan siketbod, allon nan mai taya huɗu da ake tsayawa a kai ana sulu. Ya sa kafinta ya buga gangare biyu na katako suna kallon juna, mai walda ya yi masa dogon bututun ƙarfe mai ƙafa wanda ake goga allo a kai. Iyakar kayan ke nan. Wanda ya saba kallon filayen Amurka a YouTube zai yi mana dariya, amma wurin yana da katanga, da ƙofa, da maigadi, da famfo, ga dogon yaro guda biyu da muke zubewa a ƙarƙashinsu in rana ta take.

Ni gyaran waya nake yi a kasuwa, kuma ina cikin na farko-farkon zuwa. Ba mu da yawa a lokacin. Abin ya buɗe ne a watan Yuli na 2021, da aka sa wasan a gasar Olamfik karon farko a Tokyo, wata yarinya 'yar Japan mai shekara 13, Momiji Nishiya, ta ɗauki zinare. Bidiyonta ya zaga wayoyi, ni kaina na tura wa mutane da dama a shago. Iyaye suka ɗan sassauta, 'yan makaranta suka fara cika wurin da yamma, har yara mata, cikinsu da ƙanwata.

Watanni bayan gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka buga a farkon 2022 sai Allah ya yi wa Alhaji mai gidan rasuwa. Aka zo rabon gado, sito ya faɗa cikin abin da za a sayar a raba kuɗin. Ɗan nasa ya kira daga Yawunde ya ba mu haƙuri, ya ce ba shi kaɗai ne magaji ba. Gaskiya ce, kuma babu wanda ya zalunce mu. Maigadi ne ya tare mu a ƙofa wata la'asar, ya ce, "Samari, ku kwashe katakonku kafin ƙarshen wata. Sabon mai wuri shaguna zai zuba."

Aikin farko shi ne kwashe gangarorin. A ciki aka buga su, ba za su fita ta ƙofa ba sai an warware. Da ƙusa aka haɗa su, ƙusoshin sun yi tsatsa, duk wadda ka ɓamɓare sai ta tafi da ɗan ɓangaren katako. Da muka kifa na farko muka tarar gara ta cinye ƙasansa, kullum muna hawa a kan abin da rabinsa ƙasa ce. Kafintan da muka kira ya ce mu bar wahalar da kanmu a kan saman da muke takawa, wannan ana sayen wani. Abin da za mu lallaɓa shi ne katakon gefe da aka yanka da lanƙwasa, domin shi ne ma'aunin gangaren. In ya karye, sai an sake zana lanƙwasar daga farko, kuma in ta yi tsaye da yawa allo ya jefar da mutum. Muka sa wa kowane katako lamba da gawayi, muka loda a amalanke, ya ajiye mana a bayan shagonsa a kan cewa za mu riƙa taya shi sauke katako ranar Asabar.

Rigimar da ta fi zafi ita ce ta alluna. Mai su ya ce ya bar mana. Wasu suka ce a raba, kowa ya tafi da nasa tunda ba sauran fili. Babbanmu a shekaru, direban babbar mota ne, ya ce in aka raba yau, kafin wata ya mutu za ku ga yara suna jan jarkar ruwa da su a lungu. Aka yi ta cacar baki har aka kira magariba. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa wanda ya sayi nasa da kuɗinsa ya riƙe, sauran kuwa a zuba su a akwatin ƙarfe guda, a sa kwaɗo, a ajiye a shagona, duk mai so ya zo ya ɗauka ya rubuta sunansa. A ganina wannan shawarar ce ta hana mu watsewa. Mutum zai iya fushi ya daina gaishe ka, amma in allon yana shagonka dole ya zo.

Daga nan muka fita titi. Garwa na cikin garuruwan da suka karɓi gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka buga daga 9 ga Janairu zuwa 6 ga Fabrairun 2022. A filin Rumde Ajiya ne Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, a nan kuma Tunisiya ta yi waje da Najeriyar, kuma har yau 'yan acaba suna ba da labarin cinikin da suka yi da mutanen Yola da Kano a makonnin nan. Mu abin da gasar ta bar mana shi ne sabuwar kwalta a wasu hanyoyi. Muka riƙa haɗuwa bayan sallar asuba, kafin babura su cika gari.

Titi ba fili ba ne. Tayoyin da muke da su masu tauri ne, irin da ake rubuta wa 99A, an yi su ne don siminti mai santsi. A kan kwalta, ko da sabuwa ce, har haƙoranka kake ji suna karo. Masu laushi, daga 78A zuwa 87A, su ne na titi, ba mu da su. Ga tayar ƙarama ce, faɗinta milimita 52 zuwa 54, tsakuwa ɗaya mai girman wake ta isa ta tsayar da allo cak, kai kuma ka wuce gaba da tafin hannu. Shi ya sa tsintsiya ta zama kayan wasa: kafin kowa ya ɗora ƙafa sai an share inda za a bi, kuma lokacin hunturu ka share yau, gobe iska ta mayar. Masu gadin ofisoshi suna korar mu daga gaban gininsu, ban ga laifinsu ba, su ma aikinsu suke karewa.

Abin da ya kawo ƙarshen zaman titi shi ne kama mashin. Wasu 'yan acaba sun mayar da shi abin dariya, su ce wa yaro ya riƙe bayan mashin su ja shi. Wani ɗan aji uku na sakandare ya riƙe, mai mashin ya ƙara wuta, allo ya fara rawa, yaron ya faɗi ya karye a wuyan hannu. Da aka dawo da shi daga wurin mai ɗori, mahaifinsa ya zo shagona da kansa, ya tsaya bai zauna ba.

"Kai ne babbansu?"

Na ce, "A'a Baba, ni dai nake ajiye allunan."

Ya ce, "Wanda yake ajiye alluna shi ne babba. In ba ku da wurin yi, ku bari."

Ban sami abin cewa ba. A makon nan aka kafa doka cewa duk wanda aka gani ya kama mashin ko mota, ba shi ba akwati har wata guda, ko da ƙanen waye. Muka kuma duƙufa neman wuri.

Wani ɗan garuwa ne ya nuna mana. Wani ɗan kasuwa da ke zaune a Duwala ya fara ginin gida a bayan unguwa, aka yi harsashi, aka cike, aka zuba daɓe, sai aikin ya tsaya shekara da shekaru. Tsawonsa ya kai taku ashirin, faɗin kamar rabin haka. Maƙwabta sun mayar da gefe guda juji, awaki sun mallaki sauran. Daɓen ya tsattsage, kusurwa ɗaya ta farfashe, amma tsakiyar a miƙe take. Wasu daga cikin yaran suka ce mu shiga kawai tunda ba kowa. Babbanmu ya ce wanda ya shiga wuri babu sallama, da tsakar rana ake fitar da shi.

A nan Garwa akwai lamiɗo, a ƙarƙashinsa lawanai da jaurawa, kuma maganar fili a unguwa ba ta wuce ta bayan jauro. Samari ba sa zuwa irin wannan wuri su kaɗai. Na je na sami kawuna, tela ne, masallaci ɗaya suke sallar asuba da jauron. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Wannan shirmen naku har ya kai ga zaure?" Amma ya sa hularsa. Muka sayi goro, muka tafi da allo guda da ƙaramin yaro mai natsuwa wanda ya fi mu duka iya tsalle.

Aka gaisa da Fillanci, magana ta koma Hausa. Jauro ya karɓi allon ya juya shi, ya murza taya da ɗan yatsa, ya tsaya yana kallon yadda take ta juyi ba ta tsaya ba.

"Caca ake yi a kai?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Akwai mai biyan ku?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"To me ake ci?"

Kawu ya ce, "Ƙasa suke ci, Allah ya ja zamaninka. Ka ga gwiwoyinsu."

Aka yi dariya. Sai aka ce yaron ya nuna. A ƙofar zauren akwai ɗan daɓe, aka ajiye takalmin wani dattijo a tsakiya. Yaron ya turo allo, ya buga wutsiyarsa a ƙasa da ƙafar baya, ya ja ƙafar gaba sama, allo ya tashi da shi kamar an manna, suka tsallake takalmin suka sauka tare. Wannan tsallen shi ake kira oli, shi ne tushen kusan duk abin da ake yi a kan allo. Wani Ba'amurke, Alan Gelfand, ya fara shi a gangare a ƙarshen shekarun 1970, Rodney Mullen ya sauko da shi shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a farkon shekarun 1980. Jauro ya ce a sake. Aka sake. Ya duba ƙasan takalmin yaron ko akwai gam.

A nan take ya kira mai ginin a waya, ya sa kowa yana ji. Alhajin ya ce, "In za su kwashe mini sharar nan, su yi. Amma ranar da na kawo bulo kar wani ya ce mini uffan." Jauro ya ɗora nasa sharuɗɗan: in an kira salla a tsaya; daga magariba a tashi; ba sigari, ba ƙwaya, ba kiɗa; yaron makaranta ba ya zuwa lokacin karatu, na boko ko na allo; kuma kada a gina abin da guduma ba za ta iya rushewa a yini ɗaya ba. Wani malamin firamare ya rubuta wannan da Faransanci, jauro ya sa hannu, kawu ya sa, ni ma na sa, na ɗauki hotonta na tura wa kowa. Takardar nan ta yi mana rana fiye da sau ɗaya, musamman ranar da wani ya zo yana cewa shi ɗan'uwan mai wuri ne, a riƙa biyansa haya. Wanda zai yi irin wannan a garinsu, ya fara da zauren mai unguwa kafin ya sayi siminti ko buhu ɗaya.

Kwashe juji ya ci mana Lahadi da yawa, ba wani abin ba da labari a ciki sai wari da kunamu.

Kuɗi kuwa karo-karo muka yi. Mai sana'a sefa 500 duk Juma'a, ɗan makaranta 100, wanda ba shi da ko sisi ya biya da ɗebo ruwa. Mun ga yadda aka gina fili a Adis Ababa a 2016 da na Akara a 2021 da taimakon mutanen waje, muka aika saƙonni nan da can da hotuna. Masu amsawa sun amsa da fatan alheri. Ban yi mamaki ba, mai kawo taimako babban birni yake fara dubawa, mu kuma daga Duwala zuwa nan tafiyar kwana ce da yini. Labaran da suka fi yi mana amfani na waɗanda suka gina da hannunsu ne: na ƙarƙashin gadar Burnside a birnin Portland na Amurka, inda masu wasan suka fara kwaɓa siminti da kansu a 1990, da na unguwar Kitintale a Kamfala, inda matasa suka gina nasu a wajajen 2006. Na Kamfala ya fi shiga ranmu, don jar ƙasar da ke cikin bidiyon da rufin kwanon gidajen ba su da bambanci da namu.

Siminti ba ya wahalar samu a nan, masana'antarsa tana Figil a kan hanyar Marwa. Yashi kuma da rani daga Binuwai ake ɗebowa, sai dai a tankaɗe shi da raga don a fitar da tsakuwa da ɓawon katantanwa. Magini ne muka daɗe muna nema, don yawancinsu da sun ji aikin yara ne sai su ce suna da wani aiki. Wanda ya yarda dattijo ne da ƙarfinsa ya fara raguwa, ya ce shi zai nuna, mu za mu yi.

Ya fara da tsagogin. Mu a tunaninmu zuba siminti za a yi a kai a shafe. Ya ce a'a, a bi kowace tsaga da kurfi da guduma a faɗaɗa bakinta, a share ƙurar tas, a jiƙa ta sosai, sannan a cusa kwaɓi na siminti ɗaya yashi uku, a danna har ƙasa. In ba a jiƙa ba, tsohon daɓe zai shanye ruwan sabon kwaɓin ya bar shi gari. Kusurwar da ta farfashe kuwa fasa ta muka yi gaba ɗaya, aka daddaɓe ƙasan, aka zuba kankare mai kaurin santimita 10, kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, uku na tsakuwa.

A wurin gyara sama muka saɓa da shi. Al'adar magina a nan, in suna son daɓe ya yi sheƙi, sai su barbaɗa busasshen siminti a sama su yayyafa ruwa su shafe. Ga ɗakin kwana ba laifi. Amma wannan fata ce kawai a kan kankaren, tayar allo mai tauri tana ɓare ta, mun gani a tsohon filinmu. Abin da muke so shi ne a bar kankaren ya fara kamawa, a bi shi da cokalin gini na ƙarfe a danna, a jira, a sake bi, sau da yawa, har ya yi santsi da kansa. Na nuna masa bidiyo a waya. Ya kalla ya miƙo mini.

"Ɗana, kafin a haifi mai bidiyon nan nake daɓe."

Na ce, "Haka ne Baba. A yi mana ɗan gefe guda yadda muka ce, in bai yi ba mu ne da asara."

Ya yi shiru, ya ce a kawo fitila, don irin wannan ba a yin sa da rana. Nan ne ya nuna mana abin da babu a bidiyo. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, kankaren da aka zuba da hantsi kafin ka juyo ya bushe a sama cikinsa ɗanye, sai ya tsage. Muka nemi izinin jauro na dare ɗaya, aka zuba bayan isha'i. Baba yana zaune a kan bulo, lokaci-lokaci ya miƙa hannu ya danna da babban yatsa. In yatsa ya nutse, ya ce saura. In ya bar ɗan tambari kawai babu ruwa, ya ce, "Yanzu." Mu bi da cokali muna durƙushe a kan katako. Haka har wajen ƙarfe biyun dare. Da gari ya waye ya shafa wurin da tafin hannu, bai ce komai ba, sai ya ce sauran ma haka za a yi.

Shi ne kuma ya warware mana matsalar dandamalin da ake goga allo a bakinsa, tunda an hana mu gini mai dawwama. Ya shimfiɗa leda mai kauri a kan daɓen, aka jera bulo a kanta, aka cika ciki da ɓaraguzai, aka rufe sama da kankare, tsayinsa kamar santimita 30. Mai walda ya ɗauki ƙarfen angul ya manna masa guntayen rodi a ciki kamar haƙora, aka nutsa su cikin ɗanyen kankaren, ƙarfen ya zama bakin dandamalin. Saboda ledar, ginin bai kama daɓen Alhaji ba. Nauyinsa ne yake riƙe da shi.

Sai jira, wanda ya fi kwaɓi wuya. Kwana bakwai ana ba kankare ruwa safe da yamma, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Muka kewaye shi da ƙaya saboda awaki, duk da haka akwai sawun kofato biyu a gefen gabas har yau, yara sun mayar da su alamar inda ake fara gudu. Ƙayar ta fi amfani a kan 'yan uwanmu, don akwai wanda aka kama da asuba yana ɗage buhu da allo a hammata.

Da wuri ya samu, kayan wasa suka zama abin tunani, domin babu shagon da ke sayar da su a duk arewacin Kamaru da na sani. Allo na gaske falle bakwai ne na katakon mafal, wata bishiyar Arewacin Amurka, an manne su an matse har sun ɗan lanƙwasa. Kafintanmu ya gwada yi da filawud, ya fito kyakkyawa, oli na uku ya rabe biyu. Yanzu irin nasa na masu koyon tura ƙafa ne kawai. Na gaske daga 'yan gwanjon Duwala muke samu, in wani ɗan unguwa ya je sari: ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp, in ce ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya nuna mini ƙarafan da ke riƙe da tayoyi. In na roba ne, kayan wasan yara ne, a bar shi. Wanda aka saya ya hau jirgin ƙasan dare daga Yawunde zuwa Ngaundere, daga can ya shiga bas. In allo ya karye ba a yarwa, kafinta ya yanke ɓangaren da ya rage ya huda sababbin ramuka, ya zama na ƙananan yara.

Boris, zoben ƙarfen nan da ke cikin taya yana sa ta juyi, shi ne kaɗai muka huta da shi. Kowace taya tana cin biyu, allo guda takwas, kuma lambarsu 608, irin wanda ake sa wa ƙananan injuna, don haka masu kayan gyara a kasuwa suna da shi. Ƙurar hunturu ce maƙiyinsa. Da taya ta fara kuka sai a cire shi, a ɓalle murfin da bakin allura, a jiƙa a kananzir a girgiza, a shanya, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu. Man daga shagon kawu nake ɗebowa, yana sane yana kawar da kai. Takarda mai kaushi da ake mannawa a saman allo, in ta cinye, samfefa muke sa wa da gam ɗin shumeka, tana yin 'yan makonni. Takalmi kuwa oli yana cinye gefen ƙafar gaba, shumekan bakin kasuwa ya san mu, da ya hango ka zai fara yanka robar cikin taya. Bakin dandamali ana goga masa kyandir don allo ya zame, amma da bazara kyandir narkewa yake ya kama ƙura, sai mun riƙa ajiye shi a cikin gwangwanin ruwa.

Lokutanmu biyu ne, bayan asuba zuwa fitowar rana sosai, da bayan la'asar zuwa magariba. Da azumi jauro ya yarda mu yi bayan asham tunda unguwa ba ta barci, wani maƙwabci ya juyo mana fitilarsa mai aiki da hasken rana. Damina daga Mayu zuwa Oktoba ita ce wahala: gangaren da muka sake haɗawa sai an rufe shi da tamfal, an ɗora ƙafafunsa a kan bulo an shafa musu baƙin mai saboda gara. Wannan karon da noti muka ɗaure shi, ba ƙusa ba, mutum huɗu za su warware shi kafin azahar. Alhajin Duwala ya zo sau ɗaya, ya zaga, ya ce wurin ya fi yadda ya bar shi, ya kuma maimaita maganar bulo.

Samari sun dawo, har sun fi na da yawa, don yanzu a fili muke, duk mai wucewa yana gani. Wannan ganin kuwa shi ya kore mana mata. A tsohon wuri akwai katanga da maigadi, uwa ta san inda 'yarta take da wanda ke ƙofa. A nan babu ko zana. Da yamma majalisa guda ce ke zama a kan harsashin, 'yan acaba su faka suna kallo, in mutum ya faɗi a yi shewa. Namiji zai tashi ya kaɗe riga. Ƙanwata ta zo sau biyu, na biyun wani ya ɗauke ta a waya, Inna ta ji, ta ce, "Ba da 'yata ba." Na so in yi magana ta ce, "Kai namiji ne, ba abin da za a ce a kanka da zai hana ka aure." Ban iya musa mata ba, kuma ba ni da kuɗin katanga, ko da ina da shi an hana mu gini.

Ƙanwar tawa ce ta nemo mafita da kanta. Akwai wata Hajiya a layinmu mai babban tsakar gida da aka daɓe da siminti saboda shanyar hatsi, jikarta na cikin masu zuwa tsohon fili. Ƙanwata ta je ta durƙusa ta roƙe ta. Hajiya ta ce ranar Lahadi da safe, bayan an gama wanke-wanke, kuma ba namiji ko ɗaya, har ni. Duk daren Asabar nakan fitar da alluna biyu daga akwati in ba ƙanwata, in rubuta sunanta kamar kowa. Su kaɗan ne, ba su kai rabin na da ba, kuma wurin shimfiɗe yake, babu gangare babu ƙarfe, tun da aka rufe sito ba wadda ta sake gangarowa daga sama. Rannan ta ce mini, "Yaya, kuɗin Juma'a da muke bayarwa siminti ya tafi, mu ba mu taka shi ba." Na kai maganar gaban jama'a, aka ɗan yi gunaguni, aka yarda kuɗin wata biyu masu zuwa nasu ne. Za a yi musu ƙaramin akwatin katako mai bakin ƙarfe da gajeren bututu, waɗanda mata biyu za su iya ɗagawa su jingine a bango in Hajiya za ta yi shanya. Mai walda ya ce ba zai yanka ƙarfe ba sai an kawo masa awon ƙofar zauren, ni kuma ba a barina in wuce ta, don haka na ba ƙanwata tef ɗin kawu ta je ta auno.